Gidan Kaka Mai Zif

Duk wanda ya san Walida a unguwar Wangsa Maju zai shaida ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba. Idan matan 'yan Najeriya suka sa ranar taro a Cheras, za ta ce to. Idan wata ta nemi aron babbar tukunyar da take dafa wa ɗalibai shinkafa, za ta ce to. Idan mijinta Haliru ya ce a rage barkono, to ɗin nan ce dai, mai laushi, har da ɗan sunkuyar da kai. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ranar taron sai yaro ya tashi da mura, tukunyar kuma an jiƙa wake a cikinta tun jiya, barkonon kuwa yana nan yadda yake. Harshen Haliru ne ya saba, har yana gode mata da ta rage.

'Yar Gwammaja ce. Ta biyo miji Kuala Lumpur ƙunshin biki bai gama gogewa daga ƙafarta ba, lokacin da ya zo karatun digiri na uku yana kuma koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta. Gidansu yana can sama a wani dogon bene, idan ka leƙa ta baranda sai ka ga jirgin ƙasa na LRT yana wucewa kamar abin wasan yara. Ranar Juma'a takan yi ɗanwake da tuwo miyar kuka, samarin nan masu kewar gida su zo su yi tapau, wato su tafi da shi a roba suna sa mata albarka. Tun kafin Haliru ya rubuta babin farko na kundinsa take kiransa Dakta, kuma har yau bai tabbatar ba ko girmamawa ce ko tsokana.

A nan ta haifi ɗanta na fari. Sunan mahaifin Haliru aka mayar, Mika'ilu, don haka babu mai faɗar sunan a gidan, Abbati ake ce masa. Tun da ya fara tafiya gidan bai sake zama lafiya ba. Ya sa rimot a injin wanki. Ya danna duk maɓallan lif da hannunsa ya kai, har wani tsoho ɗan China da ke ƙasansu ya koma tsayawa ya bar su su wuce. Sai da aka sa wa baranda raga, bayan ludayi da takalmin Haliru na zuwa aji sun sauka ƙasa ba ta hanyar da aka saba ba. Hausarsa kaɗan ce, amma akwai kalma biyu na yaren ƙasar da ya tsinto a wurin wasan yara na ƙasan benen ya riƙe su gam: tak nak, wato ba na so. Wanka, tak nak. Wando, tak nak. Haliru yakan ce duk a'ar da uwar ta yi shekaru tana tarawa ce yaron ya gada lokaci guda.

Abu ɗaya ne bai taɓa ce wa tak nak ba, shi ne nono. Da ya gaji da ɓarna bayan azahar, sai ya zo ya ja hijabin uwarsa, ya hau cinya, ya sha, barci ya kwashe shi yana riƙe da yatsarta. A wannan ɗan lokacin ne kaɗai gidan yake yin shiru, ita ma takan jingina da bango ta lumshe ido, ba ta bin kowa da to.

Kowace Lahadi akan yi kiran bidiyo da Kano. Hajiya Ɗelu, mahaifiyar Haliru, ƙaramar waya gare ta, sai Lahadi da safe autarta take leƙowa da babbar waya kafin ta wuce Islamiyya, lokacin a nan la'asar ta kusa. Haliru ɗan fari ne, saboda haka Hajiya ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, shi ke nan. Duk wani zance mai nauyi ta wurin Walida yake bi. Wata Lahadi, bayan ta gama tsokanar Abbati da cewa ta ga maigidan nata ya yi kumatu, ko kishiya ce take ɗura masa, sai ta gyara zama.

"Walidatu, na ƙirga, ya kusa shekara biyu. Ɗan fari a gidan kaka ake yaye shi. Ki gaya wa wancan ya fara shiri."

Walida ta ce to.

Ta san abin da yaye yake nufi a wannan dangin, don ta ji labarin daga bakin wanda abin ya faru a kansa. Shi ma Haliru an kai shi Ɗambatta wurin kakarsa, wai sati biyu, ya dawo Kano da takardar gama firamare a hannu. Har yau idan ya ce "gidanmu" a labarin ƙuruciya, Ɗambatta yake nufi. Idan suka je Kano, a bakin ƙofar ɗakin Hajiya yake durƙusawa, kamar wanda ya zo kawo saƙo. Da Walida ta isar masa da maganar, sai ya ce a bari a gani, ya juya ga kwamfutarsa ya yi ta kallon shafi ɗaya har aka kira magariba.

A satin ne ta shigo gida da tanti.

Wannan fa mace ce da ke hawa gado idan ta ga kyankyaso. Amma ta tsaya a tsakiyar falo da doguwar jaka a kafaɗa, ta yi wa Haliru bayani a tsanake cewa yaron nan tun da aka haife shi bai taɓa taka ƙasa ta gaske ba, daga tayil sai lif, daga lif sai siminti. Yaro yana bukatar turɓaya. Maƙwabciyarsu 'yar ƙasar ta ba ta labarin wani wuri a Hulu Langat, bakin rafi, inda iyalai suke zuwa kwanan daji ƙarshen mako. Duk gaskiya ta faɗa. Abin da ta tsallake shi ne, maƙwabciyar ƙorafi take yi lokacin da ta ba da labarin: wurin da kyau, amma ko ɗigon sabis babu, waya sai dai a haska hanya da ita.

Fitarsu ta farko abin dariya ce. Sun yi ta kokawa da sandunan tantin, Haliru yana karanta takardar bayani, Walida tana soka kowace sanda inda ta ga rami, Abbati ya gudu da turakun yana jefa su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa. Da tantin ya tsaya, ya tsaya ne a karkace kamar hular ɗan tasha. Birai suka sauko suka ɗauke burodi da leda gaba ɗaya. Ruwan sama ya zo ya nuna musu sun kafa a kwari. Walida ta ga matsattsaku a ƙafarta ta yi salati mai tsawo, sannan ta tuna dalilin zuwanta, ta cire shi da kanta tana kuka tana dariya. Abbati kuwa ya sami duniyarsa. Ya ci yashi, ya bi kaza, ya zauna cikin ruwa da wandonsa yana dukan rafin da tafin hannu yana ba shi umarni.

Suka dawo Lahadi da yamma, wayar Walida ta shiga ƙara tun daga kan babbar hanya, kiran da aka rasa suna shigowa a jere. Ta aika saƙon murya mai cike da ladabi: a yi wa Hajiya haƙuri, sun kai yaro shan iska, wurin ba sabis.

Sati na gaba ma haka. Na gaba da shi ma haka. Suka ƙware. Suka koyi kafa tanti a kan tudu, suka sayi tamfol da ƙaramin risho mai gas, Walida ta gano cewa dafa-duka ta fi daɗi idan an ci ta ƙafa tana cikin ruwa. Haliru bai daina mita ba, sauro, ciwon baya, babin da bai gama ba. Amma shi ne yake riga kowa tashi ranar Asabar ya loda kaya a tsohuwar motarsu Myvi, kuma ko sau ɗaya bai tambayi me ya sa shan iskar nan ba ta taɓa faɗawa ranar Talata ba. Mutumin da ya yi shekaru yana bincike ya san tambayar da ba a yi.

Walida tana da shiri na biyu. Idan ta yaye yaron da kanta a dajin, inda birai da ruwa za su ɗauke masa hankali, to maganar ta mutu, ba a kai yayayyen yaro yaye. Kowace Asabar da wannan niyyar take fita. Kowace Asabar kuma, da azahar ta wuce, Abbati zai baro rafi jiƙe sharkaf, ya ja hijabinta, ya ɗaga kai ya dube ta da idon nan. Sai ta ce wa kanta yau ya gaji da yawa, gobe. Ashe irin to ɗin da take yi wa mutane, zuciyarta ma ta iya yi mata.

Ana haka Haliru ya gama. Aka sa ranar bikin karɓar digiri, 'yan'uwa suka haɗu suka ce babu wanda ya cancanci zuwa kamar Hajiya. Daji ba ya ɓoye mutum daga wanda ya sauka a filin jirgi.

Ta zo da garin kunu, da kuka, da daddawa da aka naɗe cikin leda a cikin leda, da goronta. Ba ta zo wa Abbati da kaya ko ɗaya ba. Ta ce ta ɗinka masa, suna can Kano suna jiransa, har da na babbar salla. A wurin bikin ta zauna a miƙe, ta kalli ɗanta cikin rigar digiri, ta kau da kai da sauri ta ce zauren sanyi ya yi masa yawa, shi ya sa idonta yake ruwa. Washegari suna karin kumallo, ta dubi bango ta ce a gaya wa wancan ya nema wa maigida kujera a jirgin da za ta koma.

Walida ta ce to. Da hantsi ta ce za ta kedai, wato kanti, sayo albasa, ta hau LRT, ta dawo da albasar da wata doguwar jaka.

Ta sami Hajiya bayan la'asar, ta durƙusa. Ta ce ita yarinya ce, ba ta san komai ba, amma tana ganin tafiyar da nisa, yaron kuma bai saba ba, kar ya ba Hajiya wahala a jirgi. Ko za a fara sabawa tun a nan? Gidan nan ƙarami ne, duk inda ya juya yana ganin uwarsa. Amma akwai wurin da suke zuwa.

Hajiya ta ɗan jima tana ɓantarar goro. Ta ce ai dama tana so ta ga dajin nan da ya cinye mata Lahadi.

A mota Abbati yana ɗaure a kujerarsa yana jan gefen mayafin kakarsa, ita kuma tana kallon bishiyoyi. Da suka bar kwalta suka gangara, Haliru ya ajiye wayarsa a aljihun mota kamar yadda ya saba. Hajiya ta ciro tata ƙaramar, ta ɗaga ta sama, ta juya ta hagu da dama.

"Ashe nan ne inda waya ba ta shiga," ta ce. "Allah mai iko. Duk faɗin ƙasar nan."

Haliru ya mai da hankali ga tuƙi sosai, ko da yake hanyar babu kowa.

Walida ta kafa tantinsu inda suka saba. Sannan ta ɗauki sabuwar jakar ta yi gaba kaɗan, ƙarƙashin wata babbar bishiya, inda ana iya hango juna amma sai an ɗaga murya a ji. Ta kafa shi ita kaɗai, tsaf, babu karkata. Ta shimfiɗa tabarma a ciki da katifar iska, ta ajiye buta a ƙofa, ta jingina garin kunu da kofi a kusurwa, ta share gaban da reshe har ta yayyafa ruwa. Ta dawo ta durƙusa.

"Hajiya, ga gidanki." Ta juya ga mijinta da murya yadda kowa zai ji. "Dakta, a ɗauki Abbati a kai shi gidan kakarsa."

Hajiya ta dubi tantin, ta dubi surukarta. Ta taka a hankali ta je ta zagaye shi, ta ja zif ɗin sama ta ja shi ƙasa, ta leƙa ciki. Ta ce a zamaninta mutum yakan yi wahala ne don ya bar kwana a buhu, ga shi yanzu sai an yi digiri uku ake samun damar shiga. Sannan ta zauna a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta.

"Na karɓa. Amma tunda gidana ne, da dokata. Mai nono ba ta shiga gidan yaye, ba ta tsayawa a ƙofarsa, ba ta leƙe. Idan ƙafarki ta taka inda kika share ɗin nan kafin mu tashi, to an gane kusa ba ta yi. Sai Kano."

Walida ta ce to. Tana faɗa ta ji nauyinta a baki, don wannan ba ta da waken da za a jiƙa a cikinta.

Safiyar ta tafi lafiya. Abbati ya ɗauka sabon wasa ne. Ya ja kakarsa zuwa rafi, ya nuna mata duwatsunsa, ya nuna mata birai. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a kan dutse don ta sa ƙafa a ruwa, ya ɗauki ɗaya ya yi nazarinsa, ya wurga. Suka tsaya su biyu suna kallon takalmin yana tafiya yana juyi har ya sha kwana. Hajiya ta ce ta yi aure shekara da shekaru, mijinta mai sunan yaron nan bai taɓa jefar mata da ko tsinke ba, wannan kuwa ranar tarewa ya fara, ita kam a ba ta takardarta. Abbati ya miƙa hannu zai ɗauki ɗayan, ta riga shi. Ta dama kunu ta kai masa baki, ya ce tak nak. Ta tambayi Haliru, tana kallon bishiya, me yaron yake cewa. Da aka fassara mata, ta ce ai ko ba a faɗa ba ta gane daga fuskar.

Walida tana can nata gefen tana yanka albasa fiye da yadda girkin yake bukata.

Bayan azahar hadari ya haɗo, kamar yadda yake yi a ƙasar nan ba tare da neman izini ba. Kowa ya shige tantinsa. Ruwan ya fara, kukan ma ya fara.

Ba kukan faɗuwa ba ne, ba na yunwa ba. Kukan nan ne da ta sani, mai farawa da ƙorafi, ya hau, ya tsaya ya saurara ko ana zuwa, ya sake hawa. Ƙirjinta ya amsa kafin ita ta amsa, gaban rigarta ya jiƙe. Ta ce wa Haliru an manta famfas. Ya ce ya kai. Ta ce man sauro. Ya kai. Ta ce bargonsa mai zanen kifi, ba ya barci sai da shi. Ya ce har da na ajiya ya kai. Ta ce to bari ta tsaya daga nesa kawai, ba za ta taka sharar ba, ta ga ko ruwa yana shiga. Ta laluba inda ta ajiye hijabinta, ba ya nan. Akwai wasu iyalai a wurin, da mazansu zaune ƙarƙashin rumfa suna shan shayi, ba yadda za ta fita haka.

Haliru yana zaune a bakin zif, ya harɗe ƙafa. Gefen hijabin yana leƙowa daga ƙarƙashinsa.

"Dakta, ka zauna mini a kan hijabi."

"Na sani."

"Ɗaga."

"Tak nak," ya ce.

Ta ja, ya ƙara nauyi. Ta ce wallahi za ta fita da zanin gado. Ya ce shi ma yana ƙarƙashinsa, ta duba ta gani. Ta kira shi mugu, ta ce ɗansa ne yake shiɗewa yana zaune kamar buhun masara, ta ce dama tun farko bai taɓa buɗe baki ya ce komai a kan maganar nan ba, ita kaɗai ya bari da sauro da matsattsaku. Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Ni ma sati biyu aka ce."

Ta saki hijabin. Ta tuna duk Asabar ɗin da ya riga ta tashi, da yadda yake cusa wayarsa a aljihun mota tun kafin sabis ya ɗauke. Ta zauna ta rungume gwiwoyinta, suna sauraron ɗansu yana kiran ta da duk harsunan da ya sani.

Kukan ya daɗe. Sannan ya fara kakkaryewa, ya koma shessheƙa. Haliru ya ɗan ja zif ɗin ƙasa, suka haɗa kai a 'yar kafar suna leƙe. Hajiya ta fito ƙarƙashin tamfol ɗin da aka ɗaura a gaban tantinta, ƙafa ba takalmi, ta goya Abbati da zaninta, tana kai da kawowa a ɗan wurin da ruwa bai taɓa ba. Tana jijjiga shi tana bubbuga bayansa da hannu ɗaya, tana yi masa 'yar waƙar rarrashi, irin wadda uwa take ƙirƙira wa jaririnta ita kaɗai. Ruwan yana dukan tamfol, ta ɗauka babu mai ji. Amma iska ta juyo, ta kawo musu guntun waƙar, kuma akwai suna a ciki. Ba Abbati ba ne. Ba maigida ba ne. Haliru take cewa, tana maimaitawa a ƙarshen kowane layi, da sauƙin bakin wadda ta saba faɗarsa inda ba kowa.

Haliru bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba. Ya ja zif ɗin ya rufe a hankali, ya tashi daga kan hijabin ya koma can ƙuryar tantin, ya ce zai duba ko ruwa yana shiga ta baya. Ya daɗe yana dubawa.

Hijabin yana nan a yashe, a murɗe, babu mai tsaronsa. Walida ta ɗauka ta ninke, ta sa a ƙarƙashin kanta ta kwanta.

Sun ƙara kwana fiye da yadda suka saba. Haliru ne ɗan aike tsakanin gidajen biyu, ya kai tuwo ya dawo da labari. Yaron ya tsinke carbin Hajiya, an tsince abin da aka samu. Ya raba wa birai goro, babbansu ya ɗanɗana ya tofar. Ya ce wa kunu tak nak sau da yawa, har Hajiya ta daina ba shi, ta zauna tana shan abinta tana santi da ƙarfi tana juya masa baya, sai ga shi ya zagayo ya ƙwace kofin. Daga can gidan kuma aka aiko wa Walida da ruwan ɗumi da tsumma, da saƙon ta ɗaure ƙirjin da zani ta rage shan ruwa, kuma a gaya mata an ga ƙafarta ba ta taka ba.

Ranar tashi, Hajiya ta fito da ɗankwali a karkace, idanu sun yi ja, sanye da silifas ɗin Haliru da suka yi mata yawa. Abbati yana biye da ita riƙe da kofi, haɓarsa duk kunu. Ya hango uwarsa, ya sheƙo ya faɗa jikinta. Kowa ya tsaya. Ya ja hijabin, ya dube ta, ita ma ta dube shi. Sai ya ɗaga kofin ya tura mata a baki, wai ta sha.

Hajiya ta sa aka ɗauke ta hoto a ƙofar tantin, tana zaune, jikan yana kan cinyarta, butar tana gefe. Ta ce a tura wa autarta da zarar an sami sabis, ta nuna wa duk mai tambaya a Kano cewa an yaye yaro a gidan kakarsa, a ɗakinta, da kununta. Wanda yake son sanin girman gidan ya sayi tikiti ya zo ya auna.

Walida ta tambaya, da murya ƙasa ƙasa, maganar kujerar jirgi fa.

Hajiya ta ce wannan mijin ya fi ƙarfinta. Takalmi ɗaya ya bar mata, carbi rabi, idan ta kai shi Kano sai ya jefa ta rijiya. A bar shi wurin waɗanda suka lalata shi.

Haka ta faɗa, kuma haka za a faɗa a Kano. Sai dai matar da ta goya yaro cikin ruwan sama har ya yi barci ba takalmi ne zai kore ta ba. Ta san yadda ɗaki yake komawa idan an fitar da ɗan fari daga cikinsa, ta kuma ga wadda ta daure ba ta taka sharar ba. Ko ta zo ne da niyyar tafiya da shi, ko ta zo ne tana fatan a samo mata hanyar da za ta fasa ba tare da an ce ta ƙi jikanta ba, wannan ita da Ubangijinta. Mai yiwuwa duka biyun ta ɗauko a jaka ɗaya, tare da daddawa.

Haliru ya fara zare turakun tantin Hajiya, ta daka masa tsawa tana kallon rafi, a gaya wa wancan ya bi a hankali, gidan mutane ne. Sannan ta ce akwai sauran magana. Yaron da aka yaye ba a raba shi da kakarsa farat ɗaya, sai ya koma. Ta ji an ce takardar bizarta ta ba ta damar ƙara zama, don haka a ɗaga mata tafiyar. Kuma Asabar mai zuwa a nan za ta kwana, ta ga wani wuri can sama da ya fi wannan inuwa.

Walida ta ce to.

Hajiya ta karkata kai ta dube ta da kyau. "Wacce ce wannan? Irin ta Lahadi, ko irin ta shekaranjiya?"

Walida ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ta karɓi jakar tantin daga hannun Haliru, ta jira ya gama loda risho da kula da tabarmi, sannan ta ɗora ta a sama, daga bakin but, inda hannu zai fara kaiwa. Abbati kuma ya riga ya gano inda aka ɓoye ɗayan takalmin, yana tafe da shi wajen rafi, kakarsa tana binsa da silifas suna faɗuwa daga ƙafarta.